Ranar da Rijiya ta Sha Bula

Tsinke ake ce mata a gida, don tun tana yarinya ba ta da jiki, in ta laɓe bayan tabarya sai ka neme ta ka rasa. A asibitin unguwa kuwa Malama Nas ce, mai farar riga da baƙar jaka, wadda mata ke rige-rigen rufe tulu in sun hango ta ta shawo kwana. Amma akwai mutum ɗaya da ya taɓa raɗa mata wani suna, 'yar ƙazama, kuma shekara goma sha tara tana riƙe da sunan nan a ciki, ko kwana ɗaya bai huce ba.

Gidan haya ne suka tashi a ciki, ɗaki goma a jere, rijiya a tsakar gida, masai a bayan wata guntuwar katanga. Mai gidan kowa Mai Rijiya yake ce masa, don rijiyar nan ita ce abin taƙamarsa a duniya. Layin gaba ɗaya nan suke ɗiba. Shi kuma yana kan benci a ƙofar gida da farar rigarsa, duk macen da ta fito da bokiti sai ta rusuna ta ce Allah ya saka, shi kuma ya ɗaga hannu kamar shi ya halicci ruwan.

Inna, uwarsu, wankau take yi. Ubansu ya rasu tun Auta tana ciki, to da bahon wanki ta riƙe su su uku, Yaya mai shekara goma sha huɗu, Tsinke mai tara, sai Auta da ba ta cika biyu ba. Kuma in ana maganar tsafta, wallahi Inna ko cokali ba ta bari ya kwana da maiƙo.

Wata damina aka yi ruwa kamar ba za a daina ba, sai amai da gudawa ya shigo gidan. Auta ya fara kamawa. Da safe ta fara, kafin la'asar idonta ya faɗa, kafin magariba an gama. Bayanta mutum biyu suka bi a gidan, huɗu a layi. Mutane suka fara ƙus-ƙus, suna kallon rijiya.

Mai Rijiya ya ji ƙus-ƙus ɗin. Kwana uku da binne Auta, da hantsi, lokacin da mata suka cika tsakar gida da bokitai, ya hau dakalin rijiya ya miƙa hannu ya nuna Inna.

"Ga wadda ta jawo mana! Ta bi gari ta kwaso tsummokaran marasa lafiya ta jibge mana a gida. Ƙazama! Ita ta kashe 'yarta da hannunta, yanzu mu take nema. Yau ɗin nan ki kwashe komatsanki."

Tsinke tana tsaye nan kusa, riƙe da ɗan kofin Auta. Ya dube ta ya ce, "Ke 'yar ƙazama, matsa daga bakin rijiyata."

Korar ba ita ce ta ci su ba, ɗaki sun samu wani a can ƙarshen gari. Abin da ya ci su shi ne Inna ta yarda. Ta yarda ita ta kashe Auta. Daga ranar ta kama wanke hannu, ta wanke ta ɗauraye ta koma ta wanke, har fatar ta tsattsage tana jini. Kwano sau uku take wanke shi. Kuma ba ta sake ɗiban abinci da hannunta ta sa a bakin yaro ba. Har Yaya ya yi aure ya haifi 'yarsa, Inna za ta goya ta, za ta yi mata wasa, amma in lokacin cin abinci ya yi sai ta miƙa ta ta ce, "Ku ba ta, hannuna ba shi da kyau."

Yaya daga aji shida ya ajiye littafi, dama kan ba ya ja, ya kama ɗaukar kwanon siminti har ya zama magini. Tsinke kuwa ta kama karatu kamar mai faɗa da shi. Ba ta wasa, ba ta ƙawaye, in an yi dariya a aji sai ta duba ta ga me aka samu. Haka har ta shiga makarantar koyon aikin jinya.

A can ne wata rana malaminsu ya zana rijiya a allo, ya zana masai, ya ja layi tsakaninsu. Ya ce in ba su kai taku talatin da juna ba, to masai yana iya tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga rijiya, balle da damina, kuma ruwan zai fito garau, ba wari ba launi. Tsinke ta rufe ido. Ta ga kanta da buta a hannu, daga dakalin rijiya zuwa ƙofar masai. Ɗaya, biyu, uku. Taku bakwai, da ƙafar yarinya ma.

Ranar ba ta ƙarasa darasi ba. Ta zo gida tana haki ta zana wa Inna a ƙasa da tsinke, ga rijiya, ga masai, ga hanyar ruwa. Inna ta duba ta yi murmushi ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Na san so kike ki sanyaya mini rai." Ta tashi ta tafi wanke hannu.

Nan Tsinke ta gane baki ba zai yi ba. Sai Inna ta gani da idonta, kuma sai bakin da ya faɗa ya warware, a inda ya faɗa.

Da ta gama, 'yan ajinsu kowa babban asibiti yake so, mai fanka da tayil. Ita ta ce aikin unguwa take so, na shiga gida-gida. Shekara huɗu tana wasu unguwanni, rigakafin yara, awon ciki, rabon gidan sauro, koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari. Tana da wata al'ada da abokan aikinta ke yi wa dariya. Duk inda aka kai ta, sai ta samu tsohuwar kalanda ta juya bayanta, ta zana layukan unguwar da gidajen, duk gidan da aka yi rashin lafiya ta ɗiga masa jan biro. Kuma tambaya uku take yi a kowane gida, ina kuke ɗiban ruwa, a me kuke ajiyewa, da me kuke kamfata. Duk shekara kuma sai ta rubuta takarda a mayar da ita unguwa kaza. Shugabarta ta ce, "Me kika ajiye a can, miji?" Ta ce, "Wani tsoho ne nake so mu gaisa."

A shekara ta biyar aka mayar da ita. Ta shiga layin ta ga benci yana nan, farar riga tana nan, sai dai gemun ya yi fari. Ta wuce shi sau ɗari ba ta ce komai ba, shi ma bai gane ta ba. Tana jiran damina.

Damina ta zo, amai da gudawa ya zo tare da ita. Cikin kwana goma ɗan asibitin ya cika, mutane kwance a tabarma har baranda, ledar ƙarin ruwa rataye a ƙusar bango. Da safe tana sa allura, da rana tana bin gidaje da kalandarta. Jan ɗigo ashirin da uku, kuma duk ashirin da ukun amsarsu ɗaya, gidan Mai Rijiya. Layin baya da ke shan famfo, ko ɗigo ɗaya babu.

Ta kai wa duba-gari kalandar. Mutumin ya juya ta sama ya juya ta ƙasa ya ce, "Malama, zane ba hujja ba ne. An aika ruwan ɗakin gwaji, sai sati uku ko huɗu. Kuma dattijo ne fa, shekara arba'in yana shayar da mutane, haka kawai zan je in ce ya rufe?"

"Sati huɗu mutum nawa ke nan?"

"Wannan na Allah ne."

"To ka zo gobe da hantsi ka tsaya kawai, ba sai ka yi magana ba. Ai tsayuwa ka iya."

Washegari da hantsi, mata cike da tsakar gida, ta shiga da jakarta. Ta gaishe shi har ƙasa, don kada wani ya ce ba ta da tarbiyya. Sannan ta miƙe ta ce, "Baba, rijiyarka tana shan masai. Ita ke kwantar da mutane."

Mai Rijiya ya kece da dariya. "Ku ji mini yarinya! Ke tun ba a haife ki ba ake shan ruwan nan. Ku jawo mata guga ta gani, kamar hawaye. Wai ma 'yar wa ce ke?"

"'Yar ƙazama ce, Baba. Ɗaki na shida. Wadda ka ce ta matsa daga bakin rijiyarka."

Wata tsohuwa a layin ruwa ta saki bokiti ta dafe ƙirji. Shi kuwa ya ƙura mata ido, ya ga Inna a fuskarta, sai ya ɗaure fuska ya ce, "Au, ramuwa kika zo yi ke nan."

"Ita na zo yi. Amma ba da baki ba. Zan dama bular wanki in zuba a masai. In rijiyarka ba ta sha, kwana uku ruwanta zai fito yadda yake, ni kuma in cire rigar nan in bar unguwa, ka kore mu karo na biyu. In kuwa bula ta fito a rijiya, za a rufe ta, kuma za ka hau dakalin nan ka faɗi wanda ya kashe ƙanwata."

Da su biyu ne da ya ƙi. Amma ga mata sun kai talatin, ga duba-gari, ga tsohuwar da ta san komai. Ya buga ƙafa ya ce, "Ki zuba buhu goma!"

Ta ce sharaɗi ɗaya, kwana ukun nan ba mai shan ruwan, wanki kawai, na sha a je tankin asibiti. Wannan ma dabara ce, don ko ta faɗi, ta raba su da rijiyar na kwana uku.

Da rana Yaya ya zo da katan ɗin bula a bayan babur, bakinsa har kunne. Suka dama bokiti shida, shuɗi kamar tawada, suka tuttula a masai suka bi da ruwa. Ta ɗauko sabon farin ƙyalle ta yaga biyu a gaban kowa, rabi ta ɗaure da igiya ta zura a rijiya, rabi ta ba duba-gari ya ajiye.

Rana ta farko aka jawo ƙyalle, fari. Rana ta biyu aka jawo, fari fat. Mai Rijiya ya sa aka kawo masa benci tsakar gida. "Malama Nas, ko a ƙaro bula? Ko dai in samo miki kwali ki fara haɗa kaya? Uwarki ai ta iya ɗaurin kaya da sauri." Waɗansu suka yi dariya. Da Tsinke ta koma gida ta kasa cin abinci, ta zauna tana duban farar rigarta a rataye. Yaya yana ta zagaye ɗaki yana cewa shi dai a bar shi ya je da diga ya fasa katangar kowa ya huta.

Inna duk tana ji. Shekara goma sha tara ko hanyar layin nan ba ta bi ba. Da gari ya waye sai ga ta ta yafa mayafi.

"Ina zuwa, Inna?" in ji Tsinke.

"In korarki za a yi, a kore mu tare. Ni na san hanyar fitowa."

Rana ta uku gidan ba masaka tsinke, har kan katanga mutane. Mai Rijiya ya sha wata farar riga tana ta ƙyalli, don ranar tasa ce. Da kansa ya ja igiyar, ya kwance ƙyallen ya matse ya ɗaga sama.

"Jama'a ku gani! Ina shuɗin? Wallahi ya ma fi ranar da aka sa shi haske!"

Gaskiya ne, ƙyallen har ɗaukar ido yake. Tsinke ta kai hannu maɓallin wuyan rigarta.

Sai wata murya daga bakin ƙofa, a hankali, ta ce, "Miƙo mini shi nan."

Inna ce. Ta karɓa da hannun nan nata mai tsattsagewa, ta karkaɗe, ta ɗaga wa rana. Ta ce wa duba-gari, "Malam, ina ɗan'uwansa?" Ya zaro ɗaya rabin daga aljihu. Ta tsoma shi a ruwan tankin asibiti ta matse, ta shanya su biyun kafaɗa da kafaɗa a kan igiya. Sai ga shi kowa ya gani. Na duba-gari farinsa ya ja zuwa ruwan madara, na rijiya kuwa fari ne mai sanyi, mai ɗan duhun sama a ciki.

"Wannan ya sha bula," in ji Inna. "Ke kin yi karatu amma ba ki yi wankau ba. Bula in kaɗan ce ba shuɗi take sa wa ƙyalle ba, haske take ƙara masa. Don me kike tsammani muke sa ta?" Sai ta juya ta dubi Mai Rijiya daga sama har ƙasa, irin duban da take yi wa kayan wanki. "Rigar nan taka ma, wa ya wanke?"

'Yarsa ce ta amsa daga ƙofar ɗaki. "Ni ce, jiya. Da ruwan rijiya. Sabulu kawai na sa."

"To ta sha bula, kuma daidai hannu."

Wani ya fashe da dariya, wani ya ce ya yi shiru. Mai Rijiya ya ce ƙarya ce, idon tsohuwa ne. Inna ta ce a kawo fararen kwanuka biyu. Aka cika ɗaya da ruwan tanki, ɗaya da guga sabon jawowa. Na rijiyar ya yi shuɗi-shuɗi. Ya ce ai sama ce ta haska a ciki. Yaya ya ɗauki kwanukan biyu da kansa ya kai su ƙarƙashin rumfa inda ba sama ba rana, ya ajiye a gaban ƙafarsa ya ce, "To Baba, nan kuma kwanon rufi ne ya haska?"

Wata mata da yaronta ke kwance a asibiti ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. Mata suka fara zubar da abin da suka ɗiba, wata har tana kakarin amai. Duba-gari nan take ya tuna shi ma'aikaci ne, ya zaro biro yana cewa dama shi tun farko yana da shakka.

Mai Rijiya ya sunkuyar da kai, ya ce ƙasa-ƙasa, "To, a yi haƙuri, kuskure ne."

"Ban ji ba, Baba," in ji Tsinke. "Ranar can ba ƙasa-ƙasa ka faɗa ba, kuma ba a zaune kake ba. Ga dakalin nan."

Wani dattijo ya ce, "Haba Malama, ki ji tausayinsa, sa'an ubanki ne."

"Tausayi yana asibiti, Baba, ƙarfe takwas muke buɗewa. Ya zo can zan duba shi kyauta. Nan alkawari ne."

Sai da aka kama masa hannu ya hau. Rigar nan mai bula tana ta ƙyalli a rana. Ya ce rijiyarsa ce ta kawo cutar.

"Wacce cutar? Ta bana ko ta wancan karon?"

"Duk biyun."

"Wa ya kashe Auta?"

Ya ce, "Ruwan rijiyata."

"Matar nan da ke tsaye, ƙazama ce?"

"Ba ƙazama ba ce. Ban taɓa ganin mai tsaftarta ba. Tsoro na ji a ce rijiyata ce, na ɗora mata."

Tsinke ba shi take kallo ba, Inna take kallo. Inna ta sulale ta zauna a ƙasa, nan tsakar gida, daidai ƙofar ɗaki na shida. Ta buɗe tafukan hannunta tana duba su, ta juya bayansu, ta sake juyowa. Ta ce, "Ashe ba ni ba ce." Sau uku ta faɗa, sannan kukan ya zo.

Rufe rijiyar kuwa ba a nemi magini daga nesa ba. Yaya ya ce ko sarkin magina ya zo sai sun yi dambe. Ya jera rodi, ya kwaɓa siminti mai ƙarfi irin na gada, ya zuba murfi mai kaurin taƙi guda, yana shafe shi da cokalin gini yana waƙe-waƙensa, har ya manta bai karya ba. Da ya gama ya ce wa Mai Rijiya, "Baba, wannan ko jikokin jikokinka ba za su fasa ba, aikina ba ya tsagewa."

Cikin sati ɗaya barandar asibiti ta koma wurin zaman masu awo. Tsinke ta sa aka kafa wani tanki a bakin layi, da bokiti mai famfo da sabulu a gefe, ta bi gida-gida tana nuna yadda ake ɗiga maganin ruwa a tulu. Sakamakon ɗakin gwaji ya iso bayan sati huɗu, ya faɗi abin da Inna ta riga ta faɗa. Mai Rijiya kuwa yaran layi suka koma ce masa Mai Murfi, kuma sunan ya zauna daram. Duk Talata Malama Nas tana shiga gidansa duba tulu, tun daga nesa yake miƙewa daga benci. Tana gaishe shi har ƙasa, ta buɗe tulunsa ta leƙa, ta ce kofin nan a rataye shi, ba a barinsa a ƙasa. Ya ce to, Malama.

Amma tun ranar kwanukan nan biyu, da yamma da suka koma gida, matar Yaya ta zubo abinci ta jawo 'yarta za ta ba ta. Inna ta tashi ta wanke hannu da sabulu, sau ɗaya, ta yarfe. Tsinke da Yaya suka tsaya suna jira ta koma ta sake. Ba ta koma ba. Ta zo ta zauna ta ɗauke jikarta daga cinyar uwar ta ɗora a tata, ta gutsuro loma ƙarama ta hura mata.

"Buɗe bakin, 'yar nema," in ji ta. "Kakarki ce."